Ranar da Muka Koma Gida da Itacenmu

Akwai wata rana a rayuwata da ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ta. Ita ce ranar da na ga an turara shinkafa ba wuta, ba hayaƙi, a bayan wani ɗan gini da ke kan hanyar Iware.

Mu a gidanmu da ke unguwar Turaki a Jalingo, turara shinkafa muka gada. A jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, ta kwana, a zuba a rabin duro, a hura itace a ƙarƙashi har ta yi tururi, sannan a shanya a kai inji. Aikin nan ya ciyar da mu, kuma shi ya cinye idon Mama. Hayaƙin shekara da shekaru ya sa ba ta ganin komai sai haske da duhu.

Ƙanwata ce ta yi karatu a cikinmu, kuma taurin kanta ya fi karatun yawa. Ita da wasu abokan aikinta suka buɗe wata 'yar cibiyar bincike kan hasken rana. Cibiya dai a baki, amma ɗaki biyu ne da rumfar mai walda. Suka nemi tallafi daga wata gidauniya mai taimakon yankunan da hamada ke ci, aka ce musu Jalingo ai ba hamada ba ce. Ita kuwa ta amsa musu cewa su zo su ga motocin itace da gawayi da ke fita daga dazukanmu kullum, za su gane hamada tana hanya. Daga ƙarshe suka yarda za su turo mutane su gani da ido. In abin ya gamsar da su, cibiya ta rayu. In bai gamsar ba, a rufe, ita kuma ta karɓi wani aiki da ake ta kiranta a Legas, ta bar mu da Mama.

Abin da za a nuna musu wani ƙaton faranti ne na ƙarfe mai zurfi kamar ƙwarya, faɗinsa ya kusa ɗaki. Za a lulluɓe cikinsa da abu mai ƙyalli, ya tattara hasken rana wuri guda a gindin duro. To, abin ƙyallin da suka yi oda ya maƙale a hanya, ga baƙi sun sa rana. Na same ta zaune ta yi tagumi, ta ce da za ta samu madubai da yawa, da an yanka su ƙanana an manna.

Ranar Lahadi na faɗa wa zumuntar mata a coci. Ban zaci abin zai wuce nan ba, sai ga shi ya zaga unguwa. Maƙwabtanmu Fulani suka aiko da nasu, har da na jikin kwaba. Wata mai kitso ta ciro na shagonta tana mita, wai in abin bai yi ba ƙanwata ce za ta riƙa gaya wa mata ko kitsonsu ya yi kyau. Mama ta sa na janyo akwatinta, ta lalubo madubin da ta zo da shi gidan aure. Na so in hana, ta ce ita da shi sun daɗe da daina gaisawa.

Ana gobe baƙi za su zo, ƙanwata ta ce in gayyato matan su zo aikin shinkafa. Haka na faɗa musu, ban ƙara komai ba. Mu kuwa a al'adarmu, in an kira ki gayyar turara shinkafa, ba kya zuwa hannu rabbana. Kowace mace takan ɗauko ɗan itacenta a ka. Saboda haka lokacin da motar baƙin ta tsaya, abin da suka fara gani shi ne tulin itace, jibge a gefen na'urar da aka ce ba ta buƙatar itace.

Shugabansu wani dattijo ne dogo, daga can arewa mai nisa. Ya dubi itacen, ya dubi ƙanwata, ya ce, "Wannan fa, Malama? Ko shi ne mataimakin rana?"

Ƙanwata ta juyo ta kalle ni, idonta ya ciko. Ta matso ta ce a hankali, "Yaya, kin kashe ni." Ni ma a lokacin na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga shi kuma hadari ya rufe sama tun safe. Dattijon ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin duron ko an ɓoye garwashi, sannan ya koma ya zauna yana duba agogo.

Muna nan jugum-jugum har wajen azahar, sai gajimaren ya tsage ta wajen duwatsu. Ban san yadda zan kwatanta abin da ya biyo baya ba. Farantin nan ya kama da haske gaba ɗaya, kowane ɗan guntun madubi ya ɗauki rana tasa, duk suka zuba a gindin duro har wurin ya yi fari fat, ba ya kalluwa. Dattijon ya zaro wani siririn reshe daga tulin itacen, ya miƙa shi cikin hasken. Kafin ya gyara tsayuwa reshen ya kama da wuta. Ranar nan da muka yi shekaru muna tsine mata a kasuwa, ashe abin da take ɗauke da shi ke nan.

Can sai duro ya fara ƙugi, tururi ya ɗaga buhun da aka rufe bakinsa da shi, ƙamshin shinkafa ya cika wurin. Mama, da ke zaune kan tabarma, ta ɗaga hanci ta ce in kai ta kusa. Na riƙe hannunta muka matsa. Ta tsaya tana shaƙa, idonta a buɗe tar, abin da ban taɓa gani ba a gaban duron shinkafa.

Ta ce, "Wutan yana ina? Ban ji hayaƙi ba."

Ƙanwata ta ce, "Babu wuta, Mama. Madubinki ne."

Hawaye suka fara bin kumatun Mama. Sai ta ce, "Yau ne na fara kuka a gaban shinkafa ba don hayaƙi ba."

Dattijon ya tambayi inda aka samo madubai, mai kitso ta ba shi labari tiryan-tiryan, har da nata da aka yanka. Ya daɗe yana kallon farantin. Ya ce a garinsu mata kan wuni suna neman abin hura wuta, kuma ya sha ganin na'urori masu tsada, amma bai taɓa ganin wadda unguwa guda ta tuɓe bangon ɗakinta ta haɗa ba. Bayan 'yan makonni tallafin ya fito. Ƙanwata ba ta je Legas ba.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne komawarmu gida da yamma. Muka jero a bakin titi, kowace mace da itacen da ta zo da shi a kanta, reshe ɗaya kawai aka taɓa. Masu wucewa suna ta tambaya ko an fasa aikin ne, mu kuwa sai dariya.

Tun daga ranar na daina raina abin da ke hannun talaka. Mun zauna muna jiran masu kuɗi su zo su taimake mu, ashe su ma jira suke su ga abin da mu muka fara bayarwa. Har Mama ta rasu, in rana ta take takan sa a fitar da ita tsakar gida, ta ɗaga fuska sama ta ce a bar ta ta gaisa da abokiyar aikinta.