Akwatin Fitilun da Habu Ya Kawo Coci

Laifina ne, ba ni da uzuri. Na ci amanar Habu, abokin da muka tashi da shi a bakin murhun Kakata a Mubi.

Gidansu Habu na jingine da namu. Iyayensa Sakkwatawa ne, Musulmi, mu kuma Kirista, manoma. In an ci tuwon yamma sai Kaka ta tura itace cikin wuta, ta zuba mana gyaɗa a toka. Habu ne ke rigan kowa zama. Hausar Kaka ta Mubi ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta, Habu ya riƙa gyara mata.

"Kai ɗan Sakkwato, rufe baki," in ji ta. "Hausa naka ne, labari nawa ne."

Akwai tatsuniyar da ta fi yawan maimaita mana. Wani manomi ya yi abota da biri a gonarsa ta bakin mayo, wato rafi. Biri na korar masa tsuntsaye, shi yana ba shi zangarniyar dawa. Ranar girbi mutanen gari suka kama biri da dawa a hannu, suka tambayi manomi ko ya san shi. Kunya ta hana shi cewa abokinsa biri ne, sai ya ce bai taɓa ganinsa ba. Aka rufe biri da duka.

Habu yakan tambaya, "Kaka, me birin ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya duba shi kawai."

Ni kuwa dariya nake yi, ina cewa ba a yi wawa kamar manomin nan ba.

Mun girma, Kaka ta rasu. Habu ya buɗe shagon gyaran rediyo da kwamfuta. Kirsimeti na farko bayan mun dawo daga gudun hijirar da hare-haren 'yan bindiga suka jefa mu, na yi wa kwamitin cocinmu alkawarin fitilun da za su riƙa rawa suna bin waƙa. Habu ne ya iya aikin. Ya ɗauko waƙar zumuntar matan cocinmu ya sa a tsohuwar kwamfutarsa, yana saurare yana sa alama: ganga ta buga, jajaye su kama, mata su amsa, koraye su tashi. Makunnan duka ya jera su cikin akwatin katako. Sati uku muna kai, har ya haddace waƙar.

"Iliya, in babana ya ji ni ina rera wannan, a gidanku zan kwana," ya ce.

Ban gaya wa kwamiti da hannunsa a aikin ba. A lokacin kowa na zargin kowa, ga shi ina jin daɗin yabo.

Ana gobe biki akwatin ya ƙi aiki, na mayar masa. Da ya gyara, ya kira ni bai samu ba, sai ya hau keke napep da la'asar ya kawo da kansa. Matasan da ke gadin ƙofar coci suka buɗe, suka ga wayoyi da batir. Aka yi ihu wai bam ne, aka danne shi a ƙasa. Ina fitowa daga cikin coci Baba Markus, shugaban kwamiti, ya tare ni.

"Ya ce kai ka sa shi. Ka san shi?"

Na ga sanduna, na ga idanun jama'a. Na ce, "Ina dai ganinsa a kasuwa. Ban aike shi ba."

Jami'an tsaro suka tafi da shi. Kafin mahaifinsa ya samu a sake shi, kunnensa na hagu ya daina ji saboda duka.

Da ina yaro na ɗauka hukuncin manomin nan shi ne tsuntsaye su cinye masa gona. Sai yanzu na gane me ya sa Kaka ba ta taɓa kai labarin can ba. Babu abin da ya same ni. Ina ci, ina sha, ana gaishe ni a coci, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Sai da shekara ta zagayo na faɗa wa Baba Markus gaskiya, na roƙe shi ya raka ni shagon. Habu na liƙa waya, bai ɗago ba. Na zagaya ta wajen kunnensa na dama, na durƙusa.

"Habu, ga Baba Markus shaida. Ni na sa ka aikin nan, ni na yi ƙarya a kanka. Ba ni da bakin cewa ka yafe mini yau. Na cuce ka, ɗan'uwana. Ka yi haƙuri."