Sahabi Mai Yasar Rijiya da Shayin Rage Ƙiba

Sahabi ɗan Audi mai yasar rijiya ne, kamar yadda ubansa ya kasance. Rijiyoyinmu na Damargu suna da zurfin da in ka leƙa ba ka ganin ruwa, sai wani ɗan ƙyalli can ƙasa. Yau da gobe yashi da laka da tsinkakkun guga suna taruwa har su toshe idon ruwan. To sai a nemi mutumin da za a ɗaura wa igiya a ƙugu, maza su riƙe ta da hannu suna sassautawa a kan icen bakin rijiya har ya kai ƙasa. Can zai kwance igiyar ya riƙa cika wasaki, wato babban gugan fata, takarkari yana ja, har ruwa ya dawo.

Rijiyar ƙauyenmu, yamma da Ollelewa, Audi ne ya haƙa ta. Ina makarantar mishan a Damagaram lokacin, kuma duk hutun da na zo sai na tarar tulin jar ƙasar da ke gefenta ya ƙaru. Da ruwa ya fito aka yi ta kiranta Rijiyar Audi, har sunan ya bi garin. An haifi Sahabi bayan na fara koyarwa. Ya tashi siriri, mai dogayen hannuwa, mai ƙarancin magana. Yana ɗan saurayi aka yi yunwar tamanin da huɗu, ya ci abin da kowa ya ci, ya rufe ƙannensa biyu. Bayan Audi ya rasu, babu wanda ya ƙara shiga rijiyar nan sai shi. Ana kiransa har Falanko da kwarin Tarka, amma in lokacin yasar ta gida ya yi, ko ina yake sai ya dawo.

Mai riƙe masa igiya Ila ne, ɗan gwaggonsa, taubashinsa. Ila ne na farko a layin masu riƙo, shi ke jin nauyin mutum a tafin hannunsa kafin kowa. Tsakaninsu babu gaisuwa sai tsiya. Ila yana kiransa Tsinke, yana cewa ko akuya ta isa ta jawo shi daga rijiya. Sahabi ya ce shi kuma Ila jarumi ne na bakin rami, bai taɓa ganin sama daga ƙasa ba.

Sai wani porje, wato aikin taimako na wata ƙungiya, ya zo ya kafa famfo mai aiki da hasken rana a wani mashayin dabbobi cikin kwarin Tarka, aka ɗauki Sahabi gadi. Ya shekara shida ko bakwai a can. Aikin zama ne a inuwa. Makiyaya suna kawo masa nono da man shanu, shayi kuwa ba ya sauka daga kan garwashi tun hantsi, kowane kofi da sukarinsa. Ga shinkafa da taliya da albashi ya kawo gidan. Duk zuwan da ya yi gida sai mu ga ya ƙara cika. Kowa ya yi masa barka. Matarsa Lantana, wadda ita ma ta ga tamanin da huɗu da idonta, ta fi kowa murna. Takan ce yanzu in mijinta ya zauna, tabarma ta san an zauna mata.

Porjen ya ƙare, Sahabi ya dawo gida da tumbi da ciwon gwiwa. A daminar shekarar wani gefe na rijiyar ya zube ciki. Kafin sanyi ya wuce, mata sun fara kwasar ruwa rabi da laka, ana jira ya taru kafin a sake jefa guga. Dattawa suka fara zancen a ɗauko masu yasa daga wani gari. Sahabi ya tashi a gaban masallaci ya ce yana raye baƙo ba zai shiga rijiyar ubansa ba.

Aka gwada. Ina tsaye a wurin. Bai yi nisa ba icen ya fara kuka, igiya ta zame ta ɗebe fatar tafin Ila, masu riƙon baya suka durƙusa. Da ƙyar aka tsayar da shi. Jawo shi da hannu ya gagara, sai da aka ɗaura igiyar a jikin takarkari kamar ana jan laka. Ya fito yana haki, mata suna kallo. Ila ya ɗaga hannunsa mai jini ya ce:

"Jama'a, Tsinke ya zama rumbu. Gobe ku aro raƙumi."

Aka yi dariya, Sahabi ma ya yi. Da mutane suka watse, Ila ya same shi a gindin aduwa yana sa riga. Ina kusa, na ji su. Muryar Ila babu wasa a cikinta.

"Ɗan kawu, ba zan riƙe ka haka ba. In ka kuɓuce mini, me zan gaya wa Lantana?"

Sahabi ya tambaye shi in ya rage fa. Ila ya ce in ya rage zai riƙe. Dattawa suka yarda su jira zuwa tsakiyar bazara, kafin ruwan ya ƙafe gaba ɗaya. In ba haka ba za a kira baƙi.

Bayan kasuwar Tanut Sahabi ya zo mini da wani kwali, saboda ni ne mai karanta rubutun Nasara a unguwarmu. Ya ce wani mai lasifika ne yake sayarwa, shayi ne na rage ƙiba. A jikin kwalin akwai hoton mutum biyu, ɗaya ƙato, ɗaya siriri, riga iri ɗaya. Na juya shi ta kowane gefe. Babu sunan abin da aka haɗa, babu inda aka yi shi, sai alkawari. Na ce mu je wurin majo, babban ma'aikacin gidan likitan da ke kusa da mu.

Majo ya auna shi, ya duba jininsa, ya ce ya ɗan hau. Ya shinshina shayin ya ce bai san abin da ke ciki ba, amma irin waɗannan yawancinsu ganyen wankin ciki ne, wasu har da maganin sa fitsari. Abin da suke fitarwa ruwa ne, kitse yana nan inda yake. Ya ce Sahabi ba ya bukatar sayen komai. Ya bar sukari, ya rage tuwo da mai, ya riƙa tafiya da ƙafa safe da yamma, zuwa baɗi war haka igiya za ta ɗauke shi. Sahabi ya ce rijiya ba za ta kai baɗi ba. Majo ya ce jiki kuma ba ya sauri.

Sahabi ya gwada, ina shaida. Ya fara fita da safe yana bin hanyar gonaki. Amma a wurinmu magidanci ba ya tafiya babu inda za shi. Mai amalanke ya tsaya ya ce ya hau. Mai babur ya tsaya. Wata tsohuwa ta bi shi tana tambaya ko dabba ce ta ɓace masa. Kafin mako ya zagayo an fara cewa tun da ya rasa aikin porje kansa ba daidai yake ba. Ya daina.

Abincin ya fi wuya. Ranar da ya bar rabin tuwo a kwano, Lantana ta zauna a bakin murhu tana hawaye, tana tambaya ko hannunta ne ya canza. Ta ce ta ga ƙasusuwan mutane sun fito sau ɗaya a rayuwarta, ba ta son ta sake gani a cikin ɗakinta. Ga kuma al'adar garin. Tun zamanin Audi, in an sa lokacin yasa, gida gida ake aika wa mai yasa abinci don ya yi ƙarfi: wannan fura, wancan dambu, wani tuwo da man shanu yana yawo a kai. Mayar da ƙwarya da abinci a ciki kamar ka ce ba ka yarda da gidan ba ne. Yanzu da kowa ya san Sahabi na fama don rijiyar kowa, sai ƙoren suka ƙaru.

Shayin kuwa bai hana shi cin komai ba, bai sa ya ɓata wa kowa rai ba. Ya fara sha. Cikinsa ya ɓalle tun ranar farko, kuma wannan ne ya tabbatar masa cewa maganin na gaske ne. Haka muka tashi muka gani, magani in bai wanke ciki ba ana cewa bai da ƙarfi. Ya ce mini yana jin kitsen yana narkewa yana fita. Na maimaita masa abin da majo ya faɗa. Ya ja zariyar wandonsa ya nuna mini yadda ta yi saura.

"Baba Mushe, majo ya ce baɗi. Wannan kuwa ga shi a hannuna."

Da zafi ya shigo ya ninka abin da yake sha. Ya lura in ya sha ruwa da yawa cikinsa yana tasowa, sai ya rage ruwan ma. Idanunsa suka faɗa, leɓunansa suka tsage, in ya miƙe daga zaune sai ya dafa bango. Mutane suka ce lallai maganin nan yana aiki, har wasu suka tambaye shi inda ake samu. Lantana kaɗai ce ba ta so ba, amma ita abin da ta sani shi ne ta ƙara masa tuwo.

Ranar yasa aka taru da sassafe. Ila ya ɗaura masa igiyar da kansa, ya duba ƙullin, ya sake dubawa. Da aka fara zura shi, Ila ya saki fuska ya waiwayo ya ce wa na bayansa Tsinke ya dawo. Ya leƙa ya ɗaga murya:

"Kai, kana kan igiyar kuwa? Ban ji komai ba."

Daga ciki muka ji dariyar Sahabi tana tasowa. Ya kai ƙasa lafiya, ya kwance igiya, wasaki ya fara fitowa cike da baƙar laka. Mata suka yi guɗa. Zuwa hantsi sai tazarar ta fara tsawo, wasakin yana fitowa rabi. Daga nan ya fito babu komai. Ila ya kira shi da sunan tsiya, ya kira shi da sunan yanka, shiru.

Wani makiyayi mai suna Nasiru, wanda ya kawo shanunsa jiran ruwa, ya tuɓe riga ya ce a ɗaura masa. Shi ya ba mu labarin abin da ya tarar. Sahabi yana zaune cikin laka ya jingina da bango, ƙafafunsa sun ƙage, yatsunsa sun naɗe sun kasa riƙe ƙwarya. Idonsa biyu. Da Nasiru ya zo ɗaura masa igiya sai ya ce a bar shi ya ɗan huta, saura kaɗan ya kai idon ruwan.

Aka kai shi wurin majo a amalanke, aka yi masa ƙarin ruwa, aka wuce da shi Tanut, daga can Damagaram. Likitoci suka ce ƙodarsa ta taɓu ƙwarai, rashin ruwa da hawan jini da abin da ke cikin shayin sun haɗu a kanta. Ya yi makonni a kwance. Aka sayar da takarkarinsa don kuɗin magani. Daga baya suka ce a mai da shi gida, suka ƙayyade masa ruwan da zai sha a yini, ɗan kaɗan, don jikinsa ba ya iya fitar da shi. Ƙafafunsa da fuskarsa suka kumbura, har baƙin da ba su sani ba suna cewa ya murmure.

Yana asibiti dattawa suka kira masu yasa daga wajen Belbeji. Suka ƙarasa aikin cikin 'yan kwanaki, ruwa ya dawo. Babu wanda ya iya gaya masa. Lantana takan ɓoye tulu a bayan ɗaki don kada ya ga ruwan ya yi fari. Amma yana jin ƙarar takarkarai da muryoyin mata da safe, ya san yadda rijiya mai ruwa take kuka.

Wata la'asar cikin damina na je gaishe shi na tarar da Ila zaune a bakin tabarmarsa. Tun da aka dawo da shi Ila yake zuwa kullum, ba ya tsokanarsa, shi kuma Sahabi wannan ya fi damunsa. Ya ce da shi in ba zai zage shi ba ya tashi ya tafi gidansu. Ila ya yi ƙoƙari ya ce masa kwaɗo, ya kasa ƙarasawa. Can Sahabi ya ce:

"Su waye suka shiga?"

Ila ya faɗa masa.

"Sun kai idon?"

"Sun kai."

"Kai ka riƙe musu?"

"A'a. Da nasu suka zo."

Sahabi ya juya fuska ga bango. Ya ce da ma ya san saura kaɗan ne. Bayan ɗan lokaci ya roƙi Lantana ta ba shi ruwan rijiyar. Ta ce ya riga ya sha na yau. Ya ce to ta jiƙa masa baki kawai. Ta tsoma yatsu a moɗa ta shafa masa a leɓe.

Ya rasu bayan an gama yankan gero, bai cika shekara hamsin da biyar ba. Ila bai ƙara riƙe wa kowa igiya ba, ya koma kiwon tumaki. Lantana tana gidan ɗan'uwanta a Falanko. Mai lasifikar nan kuwa an ce har yanzu yana zagaya kasuwanni, ya canza launin kwali.

Allah ya sanyaya makwancin Sahabi ɗan Audi, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da mu.