Babur Ɗin da Na Hana Baba Taɓawa

A Gwandu, lokacin da muke tasowa, a unguwarmu ba a sakin jiki da sabon babur sai an kai shi rumfar Baba. Mutum zai sayo shi fes, ko ledar kujera ba a ɓare ba, amma sai ya lallaɓo da shi har gindin dalbejiyar da mahaifina yake kanikanci. Baba zai shimfiɗa buhu, ya zazzage sifanoninsa, ya fara daga tayar gaba ya bi noti ɗaya bayan ɗaya har lambar baya. Wanda ya yi sako-sako ya ɗaure, wanda aka sa a karkace ya kwance ya sake zaunar da shi, inda babu giris ya shafa. Yakan ce masu haɗa babur a kasuwa sauri suke yi, hanyarmu kuwa duk abin da aka bari yana rawa sai ta zubar da shi. In ya gama sai ya ce a tayar, ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya manna kunnensa a mariƙin, ya rufe ido. Bayan nan ne zai yi addu'a, mai babur ya shafa ya tafi.

Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Da ina ƙarami "kai" ne. Da na zama malamin firamare sai ya koma ce mini "Malam", da 'yar zolaya a ciki, domin ya san ko fulogi ban iya canzawa ba. Aiki ya kai ni Kalgo, na zauna can da iyalina, ina zuwa gida lokaci-lokaci. A shekarun nan ne idon Baba ya fara hazo, likita ya ce abin ba mai dawowa ba ne, sai dai a riƙe wanda ya rage. Manyan ayyuka suka koma wasu rumfuna. Amma kullum da safe yakan fita, domin har lokacin ana kawo masa sabon babur ya bi notinsa. Wannan aikin yatsa da kunne kawai yake buƙata.

Da man fetur ya fi ƙarfin irinmu, na sayar da tsohon babur ɗina na sayi mai caji a wani shago a Birnin Kebbi. Kyakkyawa ne, ba na musu, shuɗi mai sheƙi, da wani ɗan gilashi a gaba mai nuna saurin tafiya da yawan wuta. Mai shagon ya nuna mini wata takarda da aka manna a bakin akwatin batir, ƙarƙashin kujera. Ya ja mini kunne har sau uku: kada in bari bakaniken bakin hanya ya taɓa shi, domin in takardar nan ta yage, ko an ga alamar sifana, babu ruwansu da gyara. Na riƙe maganar nan kamar karatu.

Ranar Asabar na kai shi Gwandu don a gani a sa albarka. Maƙwabta suka taru a ƙofar gida. Baba ya fito yana laluben bango, jakar sifanoninsa a hammata, fuskarsa cike da murna irin wadda na daɗe ban gani ba. Ya shimfiɗa buhu da kansa.

"Malam, tada shi mu ji," ya ce.

"Ai tashe shike, Baba."

Mutane suka fashe da dariya, shi ma ya dara. Ya shafa jikin babur ɗin yana neman inji, babu. Ya nemi salansa, babu. Ya ce, "To, wanga kurman babur na, ko ni na kurman?" Aka sake dariya. Sai ya durƙusa wajen tayar gaba, ya zaro sifana, ya kai ta kan notin farko.

Na kama hannunsa. Har yau ina jin sanyin fatar wuyan hannun nan a tafina. Na ce, "Baba, an ce kar bakaniken bakin hanya ya taɓa shi."

Yadda aka faɗa mini haka na maimaita, ban cire ko kalma ɗaya ba, a gaban mutanen da ya shekara da shekaru yana ɗaure wa noti. Baba ya janye hannunsa. Ya mayar da sifanar cikin aljihu, ya naɗe buhunsa, ya ɗaga hannu ya yi wa babur addu'a cikakkiya, bai rage komai ba. Sannan ya lalubi bango ya shiga gida.

Bayan mako biyu Inna, mahaifiyata, ta kira ni a waya. Ta ce tun ranar nan bai sake zuwa rumfa ba. In an zo da babur sai ya ce a gaya musu zamani ya wuce shi, su kai wa masu ido. Yana zaune a zaure daga hantsi har azahar. Na ce wa kaina ai gaskiya na faɗa, kuma zai huce. Ban je ba. Kunya ce ta hana ni, na sa mata suna aiki.

Shi kuwa babur bai bar ni na more girman kaina ba. A watan farko madubin hagu ya faɗi a hanyar makaranta, ban ma ji faɗuwarsa ba. Robar gefe ta tsage ba tare da na buga ko'ina ba. Gilashin nan yakan nuna mini wuta a cike, in hau ɗan tudu sai ya ce saura kaɗan, in sauko ya sake cika, kamar mai yi mini wasa da hankali. In na faɗa rami fitila takan ɗauke ta dawo. Sau biyu ina mayar da shi shago. Mai shagon ya duba gilashi, ya danna nan ya danna can, ya ce injiniyansu na nan tafe, in yi haƙuri. Duk wannan ban bari ya kai kunnen Baba ba.

Da damina ta zauna, aka kawo Baba Kalgo ya kwana biyu wurina saboda ganin likitan ido a Birnin Kebbi. Muna gaisawa, muna cin abinci tare, amma maganar babur ko da wasa ba ta tashi ba. In zai wuce ta tsakar gida inda nake jingine babur ɗin, sai ya tattare rigarsa kada ta goge shi. Wannan tattare rigar ta fi zagi yi mini ciwo.

Rana ta uku aka aiko cewa Gwaggo, yayarsa da ke aure a Diggi, ba ta jin daɗi, tana son ganinsa. Ba ranar kasuwa ba ce, mota sai an yi dogon jira. Na ce zan kai shi. Ya ce, "To." Ya hau bayana ya riƙe ƙarfen kujera, bai riƙe ni ba.

Muka bar kwalta muka shiga jar ƙasa, ruwa ya cinye ta, rami na bin rami. Tun da babur ɗin ba ya ƙara, komai ana ji: kwaɗi a fadama, tsuntsaye a gonakin shinkafa, tsakuwa a ƙarƙashin taya. Ni abin da nake ji ke nan. Na dai lura Baba yana karkatar da kai gefen hagu duk lokacin da muka faɗa rami. Mun yi nisa, babu gari gaba babu gari baya, muka dira wani rami, gilashin ya mutu, babur ya gangara kaɗan ya tsaya.

Na murɗa makulli, na kashe na kunna, na danna duk abin da ke dannuwa. Na kira mai shago, ya ce in kawo shi su gani. Na dubi hanya, na dubi tsoho mai hazon ido da 'yar'uwarsa ke jira. Shi kuwa ya sauka ya sami gindin wata kanya ya zauna, ya zaro carbinsa, kamar abin bai shafe shi ba.

Na daɗe a tsaye ina zufa kafin na je na tsuguna a gabansa.

"Baba, mi kunka ji?"

Ya ja carbi biyu ko uku kafin ya amsa. "Tun sa'adda munka sauka kwalta nika jin shi. Wani abu mai nauyi na motsi ƙarƙashin kujera, wajen hagu. Ba a ɗaure shi cikin gidanai ba. Kowane rami sai ya hizgi waya."

"Mi yas sa ba ku hwaɗa ba?"

"An ce kar in taɓa, Malam."

Ba da fushi ya faɗa ba, da ma fushin ne da na fi samun sauƙi. Na tashi na buɗe kujera, na sa farce na yage takardar nan gida biyu, da ƙarfi don ya ji. Na dawo na kama hannunsa, wannan hannun dai, na ce, "Baba, ku yahe mani. Ku zo ku duba."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya sa hannu a aljihun jamfarsa ya zaro sifana mai lamba goma da wata 'yar sukundireba. Ashe duk zaman zauren nan suna tare da shi, har asibiti da su ya je.

Ya ce in zare makulli, in kashe duk abin da ke kashe wuta, domin shi da lantarki ba su saba ba, kuma ba zai yi masa rashin kunya ba. Ya sa na kwance robar da nake ɗaure kaya da ita, ya naɗe mariƙin sifanar kaf don kada wuta ta ja shi. Sannan ya ce, "Kai na idona. Wagga waya wane launi gare ta?" Ina faɗa, yana bi da yatsa. Ƙarfen da ke riƙe batir rami huɗu gare shi, noti biyu kawai aka sa, su ma suna juyawa da yatsa. Batir ya yi ta kai da komo har bakin wata waya mai kauri ya zame daga mazauninsa. Baba ya yi tsaki mai tsawo, irin na da, wanda yake yi in ya ga aikin ganganci. Ban taɓa jin daɗin tsaki ba sai ranar.

Ya mayar da wayar ya matse, ya ɗaure notin biyu, ya yanki roba ya cusa ta ko'ina har batir ya zauna daram. Na murɗa makulli, gilashi ya kawo wuta. Na yi hamdala na ce mu tafi.

"Ina za mu?" ya ce. "Ban hwara ba."

Ya lallaɓa zuwa tayar gaba, ya durƙusa a jar ƙasar nan, ya ɗora sifana a kan notin da na hana shi ranar Asabar ɗin. Daga nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda sifanarsa ba ta kama ba ya gwada da yatsa ya ce in riƙe a kaina sai mun je Gwandu. Ina biye da shi ina riƙe masa gefen riga kada ta shiga taɓo, hawaye na zubo mini, ina gode wa Allah da Baba ba ya gani sosai. Da ya kai lambar baya ya ce in kunna, ya ɗora sukundireba a jikin ƙarfe, ya manna kunne, ya girgiza babur ɗin da gwiwa. Ya daɗe yana saurare.

"Yanzu yay yi shiru," ya ce.

Mun isa Diggi da la'asar, Gwaggo ta ga ƙanenta ta ji sanyi. A hanyar dawowa kafaɗata ya riƙe. Mako na zagayowa Inna ta kira ta ce ya koma rumfa, yana ba kowa labarin kurman babur ɗin Malam da aka sa wa noti biyu a wurin huɗu. Damina biyu ya ƙara yana fita kafin Allah ya karɓi abinsa.

Babur ɗin bai yi ƙarko ba. Batir ya mutu, irinsa ba ya samuwa, shagon ma ya koma sayar da wani abu. Robobin jikinsa duk sun farfashe, yana nan jingine a zaurena kaji na hawa. Kwanan baya wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo, matata ta ce gara a rabu da shi a sami wuri, na amince. Mutumin ya durƙusa don ya cire tayar gaba, ya sa sifanarsa ya danna, notin ya ƙi motsi. Ya ɗago yana dariya ya ce wanda ya ɗaure wannan ya san aikinsa. Ya gyara zama zai sa ƙarfi.

Ban san lokacin da na kama hannunsa ba.