Karen da Na Ɓoye wa Kaka

Ranar wata Alhamis, saura kwana tara a ɗauki azumi, a shekarar da nake aji huɗu na firamare, aka kawo Kaka gidanmu na Ƙofar Kware. Bazara ta kai maƙura, irin zafin Sakkwato da ke sa mutum ya ji haushin rigar jikinsa. Ina tsakar gida ina wanke kwanonin rana na ji tsayawar mota, na fito a guje da kumfa a hannu. Baba da ƙanensa Baffa Sani sun riƙo ta hagu da dama, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ita ta haifi Baba, sunanta aka sa mini, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganinta a birni ba, mu muke zuwa gaishe ta ƙauye. Sun kawo ta bakin ƙofar da ta raba zaure da cikin gida ke nan, sai Duna, baƙin karenmu, ya taso daga gindin randa yana kaɗa wutsiya, wai shi zai yi wa baƙuwa maraba. Kaka ta ja ta tsaya cak. Ta dubi karen, ta dubi ɗanta, ta ce, "Ni ba magani nit taho nema ba, mutuwa nit taho yi. Kuma ba ni mutuwa cikin gidan da mala'iku ba su shiga." Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a zaure, ta zauna, ta ce ko kwana ne a nan za ta yi.

Shekara uku ke nan Duna yana gidanmu. Wani abokin Baba mafarauci ya ba shi tun yana ɗan kwikwiyo, da nufin in ya girma ya riƙa gadin lambun albasar Baba a fadama. Gadi kam, Allah ya kyauta. Wannan kare ko agwagwar maƙwabta ce ta miƙe wuya sai ya nemi bayan turmi. Abin da ya iya shi ne satar takalmi. Baƙo ya tuɓe a bakin zaure ya shiga gaisawa, in ya fito sai ya tarar da wari ɗaya, mu kuwa mun san inda za mu tono shi, can wajen turken awaki. Ya haƙa wa kansa ɗan rami a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, Inna ta cike ramin ya fi a ƙirga, shi kuma bai taɓa gajiya da sake haƙawa ba. Kullum tana cewa, "Allah shi raba mu da wanga baƙin jaraba," amma ita ce mai jiƙa masa ƙanzo, har da ɗan tarfa masa sauran miya in tana zaton ba mai kallonta. Yana da kaskonsa daban. Ranar da tsautsayi ya sa bakinsa ya taɓa kwanon gida, ni ce mai wankewa sau bakwai, Inna na tsaye a kaina kada in yi ha'inci. Bai taɓa tsallake dokin ƙofar ɗakin kowa ba, kuma da Baba ya ɗauko buzun salla zai tashi ya koma nesa ba tare da an ce masa kanzil ba.

A gidan kowa na da hannu a kansa, amma ni ya zaɓa. Da safe in na saɓa jakata da tsintsiyar sharar makaranta, yana biye da ni, ya kwanta a inuwar dogon yaro a bayan shinge har a tashe mu. 'Yan ajinmu suka laƙaba mini Uwar Kare, na yi dambe a kan sunan nan har sau biyu, na ci ɗaya aka ci ni ɗaya. In muna wasan ɓuya a lungu ba mai son haɗa kai da ni, domin duk inda na laɓe Duna zai zo ya tsaya yana kallon wurin yana kaɗa wutsiya. Ranar Asabar nakan zaunar da shi in cire masa kaska daga kunnuwa, ina jefawa cikin gwangwanin kalanzir, shi kuwa ya lumshe ido sai ka ce wanzami ke masa aski. Ina son karen nan ƙwarai. A lokacin ba abin faɗa ba ne, yarinya ta ce tana son kare sai a ce tana da taɓin hankali.

Baba ya gwada lallashin Kaka. Ya ce mata malamin unguwa ya ce karen gadi ba laifi, ta ce malamin nan yaro ne, kuma ita ba ta ga abin da wannan yake gadi ba in ba randa ba. A kan wannan dai ta fi Baba gaskiya. Kafin la'asar aka sa wa Duna igiya aka kai shi lambu, Inna ta share tsakar gida ta yayyafa ruwa ta turara, sannan Kaka ta yarda ta shigo. Kwana biyu ya cinye igiyar ya dawo. Aka mai da shi da sarƙa, ya zare kansa ya sake dawowa, wuyansa duk a saɓule. A karo na uku Baba bai yi shawara da kowa ba. Na dawo makaranta na tarar Baffa Sani ya sa shi a buhu ya ɗaura a bayan babur, ya kai shi wani ƙauye can gaba da Kware. Na yi kuka har na ƙi cin tuwo, Inna ta ce in na gama in zo ga zogale nan yana jiran in tsinke.

Kada wani ya ɗauka Kaka muguwa ce. Ni aka ɗora wa hidimarta, ni ke yi mata fifita, in matsa mata ƙafafu, in zubar da abin da ta tofa, kuma a waɗannan kwanaki na san ta fiye da duk zuwanmu ƙauye. Takwara take kirana. Takan ɓoye mini dabinon buɗa-bakinta a bakin zane, ta tsokane ni cewa an yi asarar suna a kan yarinyar da ba ta iya dama fura ba. Da likkafaninta ta zo, a ninke cikin adaka, kuma kusan kullum sai ta sa na ciro ta duba ko asu ya taɓa. Wata rana ina matsa mata ƙafa ta ce, "Takwara, ba mutuwa ni ka tsoro ba. Tsorona, ta ishe ni babu mala'ikun rahama kusa." Ta faɗa ne a hankali, idonta na kallon azara. Na gane sarai abin da take nufi, shi ya sa ba ni da bakin cewa ƙuruciya ce ta hana ni sani.

Ranar sha biyu ga azumi, da tsakar rana, na fita zubar da toka a juji ta ƙaramar ƙofar da awaki ke bi. Na ga wani abu baƙi kwance a jikin katangarmu. Da bai motsa wutsiya ba da na wuce shi. Haƙarƙarinsa duk a waje, tafin ƙafafunsa sun tsattsage, gefen cinyarsa akwai sara da ƙudaje suka baibaye. Ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa. Na san in na bar shi a nan yaran unguwa za su gan shi kafin la'asar, na kuma san abin da suke yi wa karen da ba ya iya gudu. Gidan tsit, masu azumi duk sun kwanta. Na rungumo shi, na ja shi ta ƙofar awaki zuwa ɗakin da ake ajiye harawa da dusa, na kwantar da shi a bayan dammunan na rufa masa tsohon buhu. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin nan da na Kaka. Na ce a raina kwana ɗaya kawai, ya sha ruwa ya ji ƙarfi in san inda zan kai shi. Ba ni da inda zan kai shi, kuma na san haka.

Ba wanda ya lura, domin ni ce mai ɗebo wa awaki harawa. Abincin rana da ake ba mu mu yara shi nake kai masa, na wanke masa saran da ruwan gishiri, shi kuma kamar ya san halin da ake ciki, ko tari bai yi ba. A rana ta biyu jikin Kaka ya rikice, numfashinta ya koma sama-sama. Ina yi mata fifita ta kamo hannuna, ta ce ta yi mafarkin baƙin kare a bakin ƙofarta. Ta ce, "Takwara, ke ba ki yi min ƙarya. Babu kare cikin gidan ga ko?" Ina jin bangon a bayana. Na ce, "Babu, Kaka." Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta saki hannuna, ta ci gaba da jan carbinta. Na fita na tsaya a bakin ɗakin harawa da niyyar fitar da shi a take, na buɗe, ya ɗago kai ya lashi yatsuna, na mai da ƙofar na rufe.

Washegari bayan azahar Kaka ta cika. Baba na riƙe da kanta yana laƙƙana mata kalmar shahada, Inna da matan maƙwabta sun cika ɗakin, ni ina bakin ƙofa da mafici a hannu. Da matan suka ɗauki salati, wata ta fashe da kuka, sai wani dogon kuka ya taso daga bayan bango ya haɗu da nasu. Duna ne, wanda kwana uku bai yi ko ƙwaƙƙwaran motsi ba. Baba ya kwantar da kan mahaifiyarsa, ya rufe mata ido, ya fito ya tura ƙofar ɗakin harawa. Ya ga karen, ya ga kwanon abincina a gabansa. Ya juyo ya dube ni. Na so ya mare ni, wallahi na so, amma bai ɗaga hannu ba, ya wuce zaure sanar da mutane.

Baffa Sani ne ya janyo Duna ta ƙafa ya fitar da shi ta ƙofar awaki ya jefar a juji. Bai ce wa yaran unguwa su yi komai ba, bai kuma hana su ba. Ina zaune cikin mata ana haɗa ruwan wankan gawa, ina jin saukar duwatsu a bayan katanga, da ihun yara, da muryarsa tana ƙanƙancewa har ta ɗauke. Na yi kukan da sai da aka riƙe ni. Wata tsohuwa ta dafa kaina tana cewa Allah sarki, yarinyar nan ta shaƙu da kakarta. Ban san wa nake yi wa kukan ba a cikin su biyun, kuma ban ƙaryata ta ba.

Ba a sake ambaton kare a gidanmu ba. Baba bai fasa ciyar da ni ba, bai fasa saya mini kayan salla ba, amma ya daina tsokanata, kuma in na kai masa ruwa sai ya karɓa idonsa na wani wuri. Da na girma na tambayi malamai fiye da ɗaya, ina fakewa da cewa wata ƙawata ce abin ya faru da ita. Kowa ya ce rahamar Allah ta fi ƙarfin wautar yarinya 'yar shekara tara. Na yarda da su da kaina, ƙirjina ne bai saki ba. Sai bayan na yi aure na haihu, Baba ya tsufa ido ya yi rauni, na zauna gabansa wata rana na faɗa masa cewa kafin Kaka ta cika ta tambaye ni ko akwai kare a gidan. Ya ce, "Mi kic ce mata?" Na ce na ce babu. Ya murza gemunsa ya ce, "To, ta dai tahi da kwanciyar rai." Bai ce ya yafe ba, ni ma ban iya roƙa ba, kuma bai shekara ba ya bi ta.

Yanzu a sababbin unguwannin garin nan sai ka ga gida da ƙaton kare cikin keji, ana kai shi asibitin dabbobi a mota, ana saya masa abinci na musamman, ba mai ɗaga ido ya kalla. Tsofaffi kuma a gadon asibiti suke cikawa, ba mai tambayarsu a wane irin gida suke son mutuwa. 'Ya'yana sun dame ni in bar su su ajiye ɗan kwikwiyo, na ce a'a, suna ganin tsantseni ne irin na iyaye. Ba su san ina rage tafiya in na ga kare a gefen titi ba, in tsaya kallonsa har mai adaidaita ya yi mini tsawa. Ina kewar gidan nan da mutanensa, ina kewar lokacin da nake zaton mutum zai iya riƙe abu biyu da yake so ba tare da ya cuci ɗaya ba. Na so su duka biyun, kuma ba wanda na yi wa adalci.