Tayil ɗin da Ban Taka ba

Har yau ban manta da ranar da Alhaji ya tuɓe takalminsa a bakin wurin ninkayar da na zana ba. A watan Maris ne, shekarata ta farko a wani kamfanin gine-gine a Jalingo, ina ƙaramar mai zane a ƙarƙashin injiniyan da muke ce wa Oga.

Alhaji wani ɗan otal yake ginawa a unguwar Mayo Gwoi, da wurin ninkaya a bayansa. Ga wanda bai san aikin ba, daɓen da ya kewaye ruwan shi ne abin lura, domin nan mutane za su riƙa takawa da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Ƙa'idarmu ita ce mai zane ya kawo samfur, Oga ya sa hannu, sannan mai tayil ya shimfiɗa. Oga ya ce, "Fa'iza, wannan naki ne. Zaɓo abin da zai burge."

Na zaɓo baƙin tayil mai sheƙi. A shago na gan shi, ƙarƙashin fanka, na hango yadda gajimare da duwatsun garinmu za su kwanta a kansa da yamma, kamar ruwan bai ƙare a bakin ramin ba. Har sai da na rubuta haka a ɗan littafina.

Mai tayil ɗinmu Baba Yakubu ne, dattijo ɗan ƙabilar Mumuye daga garin Iware. Ya juya samfurin, ya shafa shi da tafin hannu.

"'Yata, kin taka shi?"

"Baba, ai na karanta takardarsa."

"Takarda ba ya yawo ba takalmi. Rana na nan zai dafa shi. Ruwa ya zuba kuma, ya zama miyan kuɓewa."

Na yi dariya, na ce Oga ya riga ya sa hannu. Sai ya fara aiki.

An shimfiɗa rabi Alhaji ya zo dubawa, daidai azahar. Ya yaba, ya ce kamar madubi. Sai ya karɓi buta zai yi alwala a nan gefe, ya zare takalmi ya ɗora ƙafa. "Kai! Wuta ce?" Ya yi tsalle, butar ta kife, ƙafarsa ta bi ruwan, sai ga Alhaji zaune daɓas a ƙasa, hula a gefe. Allah Ya kiyaye, gwiwar hannu kawai ya kurje.

Oga ya juya kan Baba Yakubu. "Shekara nawa kana wannan aiki, ba ka iya buɗe baki ka faɗa ba? Kwashe kayanka!"

Ina tsaye a wurin, littafina a ƙirji. Kalma ɗaya ta isa, amma harshena ya ƙi motsi. Baba bai kalli fuskata ba. Takalmin aikina mai kauri ya kalla, sannan ya tattara cokalinsa na gini da igiyarsa ya fita.

Washegari da safe na shiga ofishin Oga na faɗa masa komai, har maganar kuɓewar. Sai ya ce, "Ke kika bari ya tafi, ke za ki je ki dawo da shi."

A Iware na same shi yana gyaran ɗaki. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Ba komai, 'yata. Amma gobe ki zo wurin aiki azahar. Ba safe ba."

Da na zo, ya jera samfur uku a tsakiyar rana: baƙin nawa, wani farin tayil mai santsi, da wani dutse mai launin ƙasa, mai kaushi, wanda ko kallonsa ban yi ba a shago. Ya zuba wa kowanne ruwa da buta.

"Cire takalmi. Da safa."

Leburori suka bar aiki suna kallo. Baƙin ban iya ƙirga uku a kansa ba. Farin ya ja ƙafata sai da na dafa bango. Dutsen nan mara kyau kuwa ya riƙe ni, ɗuminsa kamar na tabarmar da ta ɗan sha hantsi.

"To, Injiniya ƙarama, wanne takarda ya ce?"

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma idona ya cika. Da hannunsa ya ɓamɓare baƙin tayil ɗin, aikinsa na kwanaki, bai taɓa yi mini gori ba.

Ku da kuka zo bayana, abin da na koya ke nan: mu masu zane da ido muke zaɓe, masu shimfiɗawa kuwa sun san abin da ƙafa za ta tarar. In sun yi magana, ku tsaya ku ji. In an ɗora musu laifinku, ku buɗe baki nan take, kada ku kai gobe kamar ni. Shi ya sa kuke ganina da buta a bayan mota. Ba ta alwala kaɗai ba ce.