Na Gyara Mota, Na Ɓata Lungu

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina son in fitar da wannan abu daga raina, sai yau Allah ya nufa.

A lokacin da abin ya faru ni magidanci ne, ina da shagon tayoyi a wajen Ƙofar Kabuga, a gefe kuma ina dillancin tsofaffin motocin shiga daji, irin jif ɗin nan masu jikin ƙarfe da ma'aikatan gona da masu allurar shanu suka yi yayi a da. In na ji labarin wata a ƙauye an jingine ta kaji na ƙwai a ciki, sai in saya, a tashe ta, in sayar wa masu gona ko masu sha'awar kayan da. Harkar ta karɓe ni, har na fara jin babu wanda zai gaya mini wani abu a kan mota.

A gidanmu na gado da ke Koki akwai irin wannan jif, ta kakana ce, da ita yake shiga ƙauyuka sayen fata. Tun ina yaro take a kangon bayan gida, tayoyi sun nutse a ƙasa, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Wani Alhaji mai gona a hanyar Gwarzo ya ga hotonta a wayata, ya ce in har ta tashi tasa ce. Na nemi izinin mahaifiyata da baffannina, suka ce in je in yi.

Sai na yanke cewa a nan cikin kangon za a yi aikin, don na sha ganin yadda kayan mota ke yin ƙafa a gareji. Bakanike da mai walda da mai fenti duk ta soro suke shigowa, kaya kuma a kura ake turo su. Tun ranar farko bakaniken ya tambaye ni ta ina za ta fita. Na nuna masa tsohon ƙyauren kwano da ke bayan kangon, na ce ta inda ta shigo. Ya ce ko za mu leƙa lungun mu auna. Na ce masa a lungun nan na yi ƙwallo, ba sai an koya mini faɗinsa ba.

Aikin ya ci damina ya ci rani. Na je har Jos neman giyabos, lagireto kuwa sai da aka haɗa biyu aka fitar da ɗaya. Ranar da injin ya ɗauka, mahaifiyata ta fito da carbinta tana hawaye, ta ce ƙarar nan ta tuna mata da shekarar da aka kawo ta gidan tana amarya. Aka yi fenti ruwan ƙasa, aka ɗinka sabon tamfol. Wallahi ko ni da na saba, sai da na tsaya ina kallonta.

Da muka ɓalle ƙyauren, sai na leƙa waje. Lungun da na sani ba shi ba ne. Wannan ya matso da katanga, wancan ya gina kwata da siminti, ga turken wuta a tsaye. Duk da haka muka lallaɓa, aka cire madubai da bamba, mota ta taho kamar ana zura zare a allura, har ta iso wani ɗan ɗaki da ya turo ciki ya tsaya mana a gaba. Ɗakin wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu, ƙawar mahaifiyata, wadda muke kira Inna. 'Ya'yanta ne suka yi mata shi da banɗaki a ciki, saboda ciwon ƙafa ya hana ta tsallaka tsakar gida.

Na sami babban ɗanta na ce a rushe gefe ɗaya, in mota ta wuce ni zan gina. Ya ce in ba shi lokaci ya nemi inda za a kwantar da tsohuwa. Kullum na zo sai ya ce in ƙara haƙuri, Alhajin gona kuma yana ta kira. Mai unguwa ya ce mu zauna a soro bayan sallar Juma'a a yi maganar a tsanake. Ban jira ba. Zuciya ta ɗebe ni na kai ƙorafi ofishin masu kula da gine-gine, na ce an ci hanyar jama'a.

Na ɗauka ɗaki ɗaya za su duba. Da suka zo da abin awo sai suka bi lungun kaf, suka shafa jan fenti, alamar a rushe, a duk ginin da ya shigo hanya, har da katangar kangonmu, wadda ashe mahaifina ma ya matso da ita. Kafin la'asar kowa ya san wanda ya kira su. Na koma ofishin na ce na janye, suka ce magana ta riga ta wuce hannuna. 'Ya'yan Inna ba su jira an zo da ƙarfi ba, da kansu suka sa diga suka sauke ɗakin, aka ɗauke ta aka kai ta gidan 'yarta a wata unguwa mai nisa.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, bayan duk wannan motar ba ta fita ba. Ta wuce inda ɗakin yake, ta je kwanar ƙarshe, jikin masallacin unguwa, ta ƙi juyawa. Mun yi gaba mun yi baya har fentin ya kwaile. Motar ɗaga kaya ba ta da hanyar shigowa. Haka muka tura ta baya muka mayar, mutane na zaune a dakali suna kallo, babu wanda ya taya mu, babu wanda ya ce sannu. Ƙarshe kwance ta aka yi gunduwa-gunduwa, aka fitar a kura ta soro, shasin kuma, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da jikin motar, sai da aka yanka shi biyu. Da Alhajin ya ji an yanka shasi ya ce ya fasa. Tana nan a bayan shagona, an haɗa ta amma tafiyar kaguwa take yi, ko tayawa babu mai yi.

Mahaifiyata ce ta biya abin da na ɓata. Matan da ke shigo mata hira suka ɗauke ƙafa, aka yi suna a lungun ba a aiko mata ba. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, sai dai ta ce ƙawarta ta shekara da shekaru ta tafi ba su yi sallama ba. Na je gaida Inna na durƙusa na nemi gafara. Ta ce ta yafe, sannan ta tambaye ni: "To ɗan nan, motar dai ta fita lafiya ko?"

Na gane cewa sanin da na yi wa wuri ina yaro ba sani ba ne, kuma wanda ya tambaye ka abu ba raina ka ya yi ba. Ina jan kunnen 'yan'uwana masu wannan sana'a da ma kowa: in magana ta haɗa ka da maƙwabci, ka zauna a soro ko da za a shekara ana yinta. Hukuma kai ke kiranta, amma ba kai ke sallamarta ba. Katangun lungunmu da aka rushe an sake gina su, ita kuwa Inna har ta koma ga Allah ba ta sake kwana a Koki ba.