Ugun Matar Nwankwo

Nwankwo mai gyaran famfo ba ya son ganin tsanwa da rani. Mu in muka ga ciyawa shar a watan Maris sai ranmu ya yi sanyi, shi kuwa sai ya cire takalmi ya taka wurin. Daga nan ya kafa dogon rodinsa a ƙasa, ya manna kunne a kai, ya runtse ido kamar mai addu'a. In ya buɗe ido, to a kawo diga. Haka yake gano inda bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, tun yana saurayi a Sabon Gari har furfura ta cim masa. A Samaru ya taɓa tone furannin wata mai gidan ɗalibai tana tsaye tana zaginsa, ya miƙa mata tsagaggen bututu, ko haƙuri bai ba ta ba.

Gida ɗaya muke haya da shi a Zabi. Bara tankinmu ya fara tsiya: a tura ruwa da safe, kafin rana ta take ya ƙafe. Ba sau ɗaya ba famfo ya yanke ina cikin kumfar sabulu, kuma ni ba mai haƙuri ba ce.

Matarsa Ugomma tana da ɗan lambun ugu, ganyen miyar nan mai yaɗo, a bayan kicin. Rani ya ƙone komai, amma ugunta sai yaɗo yake, ganye fato-fato. Har shaida ta bayar a coci cewa Allah ya sa wa hannunta albarka. Duk ɗan gidan ya san ta inda albarkar take bi, don bututun tanki ta nan ya ratsa.

Mai gidan da muke haya ya gaji. Ya ce ko Nwankwo ya gano yoyon, ko kuma shi ya ɗauko wani mai gyaran daga Samaru. A kawo wa mai gyara mai gyara har gidansa? In aka yi haka, kafin yamma labarin ya zaga kasuwa, sana'arsa kuma ta mutu ke nan.

Nwankwo ya shiga tono. Ya tone gindin tanki, ya tone bakin banɗaki, ya tone ƙofar ɗakina har na rufta da bokitina. Lambun ne kawai bai ko kalla ba. Na tare shi da masifa. Ya sunkuyar da kai ya ce in rufa masa asiri: tun da ya kawo ta Zariya ba a taɓa yabonta a kan wani abu nata ba sai ugun nan, ba da hannunsa zai ƙaryata ta ba. Ya ba ni tausayi, na ji haushin hakan.

Washegari sai ga Ugomma a ɗakina, ido ya yi ja. Ita ma asiri take so in rufa. Ta ce ai ta daɗe da sanin yoyo ne; kunnen mijinta ne ya mutu, shi ya sa ta ƙirƙiro zancen albarka, don kada mutane su gane ya kasa jin ruwa a bayan kicin, a gidan da yake kwana.

Ban rufa wa kowa ba. Na ja su biyun har gaban ugun, na zazzage komai.

Suka daɗe suna kallon juna. Ugomma ce ta ɗauko diga ta miƙa masa, ta kira shi da sunan ɗansu. "Papa Kachi, ashe kana ji?"

"Tun da damina ta ɗauke nake jin sa, Mama Kachi. Har cikin barci."

Ya tone a hankali, yana kauce wa saiwa, ya yanke inda ya tsage, ya haɗa sabo da gam. Tanki ya riƙe ruwa.

Ran Lahadi ta sake miƙewa a coci, ta ce Allah ya buɗe kunnen mijinta. Dole ya tashi tsaye aka tafa masa, bai musa ba. Yanzu kullum da safe shi ke jidar ruwa a bokiti zuwa bayan kicin, kuma ugun yana nan shar.